Keken Malam, Kafin Ruwa Ya Iso

Talata, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Ragowar littafin shirin darasi ne wannan, tun kafin in ajiye alli. Na tsince shi yau ina ɗaure takardun gida a leda. Shi yana da sauran shafuka, ni ina da maganar da ba ni da wanda zan faɗa wa, to mun dace da juna.

Taku sittin da biyu ne daga ƙofar ɗakin Malam zuwa bakin titi, inda mota take iya tsayawa. Lungunmu ko Napep ba ya shiga. Sau uku na ƙirga, da gajeren taku irin nasa na yanzu. Yau ya yi tara yana dafe da kafaɗata, daga nan ƙafar hagun ta ƙi.

Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya dawo, har ya fi da kaifi. Hannu ya ɗan dawo. Ƙafar ce take ja mana rai. Da rani ne da ban ƙirga komai ba, amma kogi ya cika ya batse, maza sun fara ɗura yashi a buhu suna jerawa a jingar da take tare wa gari ruwa, kuma rijiyar tsakar gidanmu ta fara hawowa. Da ita nake gane gaskiya, ba da rediyo ba. Yau igiyar guga gaba biyar ta sha kafin ta taɓa ruwa. Watan jiya bakwai take sha.

Laraba, 20 ga Agusta, hantsi

Yaya Isa, babban ɗan'uwanmu, ya bugo daga Kaugama. Ya ce ya share mana ɗaki biyu, mu taho tun hanya tana da kyau, ba a fafe gora ranar tafiya. Misbahu, autanmu, wanda yanzu shi ma yake da 'ya'ya uku da Napep ɗinsa, ya ce shi zai goya babansa har titi, ai ba shi da nauyi yanzu. Da ma bai faɗi haka a gabansa ba.

Malam bai kalli ɗan nasa ba, ni ya kalla.

"Ramatu, ki ji da kyau, don ba zan maimaita ba. Da ƙafata na shigo gidan nan, da ƙafata zan fita. Ba a goye ba, ba a kujera ba. Sau ɗaya ake ɗaukar namiji a fitar da shi daga gidansa."

Na san inda maganar ta samo asali. Shekarar babban ruwa, muna sabon aure, a kan ƙyauren ɗaki aka ɗauko mahaifinsa aka fitar. Mutum huɗu ne, Malam yana riƙe da kusurwa ɗaya, tsohon yana ta cewa a sauke shi. Bai sake ganin Haɗeja ba. Shekara arba'in ke nan Malam bai taɓa ɗauko zancen ranar ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Idan bai fita ba, ni ma ina nan. Wannan ban faɗa wa yaran ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, azahar

Likitar gashin ƙashi ta zo, Adila, mai magana a hankali, wadda take zuwa mana duk Alhamis. Na ja ta zaure na tambaye ta ba kwana-kwana: me zai sa ƙafar nan ta yi taku sittin da biyu cikin sati uku? Ta ce ita ba ta ɗaukar alkawari da jikin mutum. Amma akwai keken motsa jiki da ake ajiyewa a ɗaki, ba ya tafiya, feda kawai ake juyawa, ƙafa mai lafiyar tana jan marar lafiyar har ta tuna aikinta. Ta ce mu nemi mai jingina, wanda ake zama ƙasa-ƙasa kamar a kujera, don kada ya sha wahalar ɗaga ƙafa wajen hawa. Sau biyu ta faɗa: mai jingina, kuma kada ya taɓa hawa shi kaɗai.

Da na gaya wa Malam sai ya yi dariyar da rabona da jin ta tun ƙaramar salla. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana ɗauko banda daga ƙauyukan Guri a kan keke, kwali uku a kariya, har sunansa ya ɓace ya koma Mai Banda, wai shi za a saya wa keken da ba ya zuwa ko'ina. Ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe. Amma bai ce a'a ba.

Taku tara. Guga gaba biyar.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan azahar

Misbahu ya zaga gari bai samu ba, don haka na bugo wa 'yarmu Mardiyya a Kano. Ta bar yara wajen maƙwabciya ta je wani shagon kayan motsa jiki, ta kira mu ta bidiyo. Na riƙe wa Malam wayar dab da hanci.

Ashe abin iri-iri ne. Akwai mai amfani da wutar lantarki, da allo babba kamar talabijin. Wannan tun mai shagon bai rufe baki ba na ce a wuce, kwana biyar rabonmu da wuta. Akwai siriri da ake naɗewa a jingine da bango, na sa Mardiyya ta girgiza shi, ya yi rawa, na ce a wuce. Akwai na 'yan tsere mai ɗan tsukukun sirdi, wanda sai an sunkuya. Mai shagon yana ta zuba, wai wannan da maganaɗisu yake aiki ba ya ƙara, wancan da birki yake aiki yana cinyewa. Ni abu huɗu na rubuta a tafin hannuna: ba wuta, gindi mai nauyi, sirdi mai faɗi, feda mai maɗauri da zai riƙe ƙafar hagu.

Sai aka nuna mai jinginan. Ya cika duka huɗun.

Malam ya kalle shi ya tura wayar gefe.

"Wannan ai kujerar guragu ce aka maƙala wa feda."

Na ce shi likita ta ce. Ya ce to likitar ta hau. Sai ya sa Mardiyya ta koma baya, ta nuna masa wani baƙi da ke tsaye a lungu, mai sirdi a sama da kai irin na keken gaske, da faifan ƙarfe a gaba a madadin taya. Ya tambayi mai shagon ko sarƙa ce ko bel, ko sirdin yana sauka, ko fedar ta ƙarfe ce. Muryarsa ta koma irin ta ranar kasuwa. Har ya tambayi ina kariya.

Na ce za mu yi shawara.

Lahadi, 24 ga Agusta, da safe

Guga gaba huɗu da rabi. Kwaɗi sun shigo madafa.

Lahadi, la'asar

Na yi ta juya abin. Mai jinginan shi ne daidai, amma ba zai hau ba, na san mijina. Baƙin ba daidai ba ne, amma zai hau. Keken da aka hau ya fi wanda aka rataya wa tawul. Na bugo wa Mardiyya na ce ta ɗauko baƙin, ta tabbatar da maɗaurin feda, ta sa a sauke sirdin har ƙarshe ta auna mini da tafin hannu daga ƙasa.

Ta ce, Umma, likita fa? Na ce ni zan yi mata bayani.

Tsoro nake ji. Na rubuta ne don in gan shi a rubuce, ko zai ragu. Bai ragu ba.

Talata, 26 ga Agusta, magariba ta kusa

Tun jiya Mardiyya ta ba direba keken a tasha. Bai iso ba. Ya ce ruwa ya hau titi a wani wuri, sun zagaya, mota ta lalace. Gidan maƙwabtanmu na dama sun tafi yau, sun bar mana makulli da kaji biyu.

Taku takwas. Baya muka koma.

Laraba, 27 ga Agusta, azahar

Bai iso ba.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Ya iso, kwalin a jiƙe ta gefe ɗaya. Misbahu da wani ɗan dako suka shigo da shi suna nishi. Na aika aka kira Adam mai gyaran keke, abokin Malam tun suna samari, wanda ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya zo da sufanunsa a tsumma, ya baje ƙarafan a tabarma, ya juya takardar bayanin sama da ƙasa ya miƙo mini, ya ce in ajiye don kunna wuta. Ya ce shekara hamsin yana gyaran keke, yau ya ga wanda ba zai taɓa kawo masa faci ba, wannan ai cin amana ne.

Da ya gama ɗaurawa sai ya fita ba sallama, ya je rumfa inda tsohon keken Malam yake rataye, ya kwanto ƙararrawarsa ya ɗaura a kan sabon. Ya ce keke ba ƙararrawa ai jaki ne.

Mu uku muka ɗora shi. Na ɗaure ƙafar hagu a feda. Ya riƙe kan keken, ya miƙe bayansa, ya danna ta dama. Faifan ya juya, ta hagun ta bi. Sai na fita tsakar gida kamar zan duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba. Daga can na ji ƙararrawa.

Akwai ɗan mita a gaba mai aiki da batir, yana nuna nisan da aka yi. Lambobin ƙanana ne, idonsa ba ya gani, ni nake karanta masa. Yau rabin kilomita. Ya ce da a hanya ne, ko bakin gari bai fita ba.

Adila ta tarar da keken. Ta tsaya ta kalle shi, ta kalle ni. Na buɗe baki, ta ce ba komai Mama, an riga an saya. Ta sake sauke sirdin da kanta ko zai ƙara sauka, bai sauka ba. Ta ce kullum mutum biyu wajen hawa, mutum biyu wajen sauka. Da ma faɗa ta yi mini.

Asabar, 30 ga Agusta, hantsi

Taku sha huɗu. Guga gaba huɗu.

Litinin, 1 ga Satumba, la'asar

Minti biyar aka ce, safe da yamma. Malam sha biyar yake yi, in na yi magana ya ce ba a tsayawa a tsakiyar daji. Yana tuƙi yana lissafa garuruwan da yake wucewa, yana gaisawa da mutanen da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Jiya ya ce in kauce, ga shanu. Ina dariya, amma sunayen da yake kira ba sa yi mini daɗi.

Misbahu yana wuni a jinga. Ya dawo da laka har ƙugu, ya ci tuwo a tsaye. Na tambaye shi yaya, ya ce da sauƙi. Tun yana yaro in zai yi ƙarya yake sosa ƙeya.

Taku ashirin da uku, ya wuce rijiya. Guga gaba uku da rabi.

Laraba, 3 ga Satumba, azahar

Bangon ɗakin Malam na gabas ya jiƙe daga ƙasa, tsayin taƙi biyu. Ba ruwan sama ba ne, daga ƙasa yake tsattsafowa. Na jawo akwati na tare wurin.

Taku talatin da ɗaya.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci

An yi alƙunut. An ce za a ƙara sako ruwa daga sama, an ce ba za a sako ba, an ce an riga an sako. Kowa da nasa an ce. Motoci sai fita suke yi da katifu a sama. Yaya Isa ya bugo sau uku, na ukun ban ɗauka ba. Mardiyya ta ce ko a ba Baba maganin barci a ɗauke shi, in ya farka a Kaugama ya yi faɗansa ya gama. Na ce ba ki san ubanki ba, ba faɗa zai yi ba, shiru zai yi. Kakanki ma shiru ya yi.

Malam ya kai zaure yau. Taku arba'in, da sanda, hannuna yana bayansa amma ban taɓa shi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa lungu. Wata huɗu da rabi rabonsa da ganin waje. Ya ce lungun ya ƙanƙance.

Saura ashirin da biyu. Guga gaba uku.

Lahadi, 7 ga Satumba, da safe

Arba'in da shida. In Allah ya yarda Alhamis ko Juma'a. Na fara ɗaure tukwane.

Guga gaba biyu. Ruwan ya canza launi, na daina sha, wanki kawai.

Litinin, 8 ga Satumba, la'asar

Hamsin. Adam, mai kiran Malam da sunansa, ya ce in Yunusa ya kai titi shi zai biya kuɗin shayi, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Misbahu ya kawo bulo ashirin. Duk unguwa haka ake yi, abin da ba za a tafi da shi ba a ɗaga shi sama. Na ce masa gobe da sassafe, kafin ya wuce jinga, ya ɗaga duk abin da ruwa zai lalata. Haka na ce, duk abin da ruwa zai lalata.

Talata, 9 ga Satumba

Ba zan rubuta yau ba.

Laraba, 10 ga Satumba, azahar

Mai ɗori ya ce ba karaya, targaɗe ne. A idon sawun dama. Mai lafiyar.

Alhamis, 11 ga Satumba, hantsi

Misbahu bai yi laifi ba. Ya ɗaga firiji, ya ɗaga keken ɗinkina, ya ɗaga buhunan shinkafa, ya ga sabon abu na ƙarfe mai batir, ya ɗora shi a kan bulo huɗu kamar sauran. Babansa yana barcin bayan asuba. Ni na leƙa gidan maƙwabta in ba kajin nan hatsi, minti nawa ne? Malam kuwa ya ga hamsin ranar Litinin, ya ga ba sai ya jira mutum biyu ba. Wajen hawa ya faɗo.

Da mai jinginan ne, ko a kan bulo yake.

Ba zan ƙarasa wannan ba.

Adila ba ta zo ba, unguwarsu aka fara kwashewa. Ta bugo ta ce kada ya taka ƙafar har sati biyu. Na ce to, kamar muna da sati biyu.

Misbahu ya sauke keken daga bulon, ya kwashe bulon huɗu ya jefar a lungu, ya zauna a zaure ya haɗa kai da gwiwa. Babansa ya aika in kira shi, ya ce masa da shi ne ma haka zai yi, kaya mai kyau ba a barinsa a ƙasa. Wannan ya fi duka ciwo.

Taku babu. Guga gaba ɗaya.

Juma'a, 12 ga Satumba, la'asar

Ba na bukatar igiya. Da kwano na ɗebi ruwa a rijiya.

Lungunmu saura gida uku. Shiru ya yi yawa, ko kiran salla daga masallaci ɗaya nake ji yanzu. Akwatin da na tare bango da shi ya jiƙe, na jawo shi, na ga abin da ke bayansa, na mayar.

Malam ya ce in bi Misbahu in tafi, a bar masa buta da garin kunu. Na ce to. Na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a gaban gadonsa, na ɗauko zogale na hau tsinka. Ya ce ba ki ji ba ne? Na ce na ji, ai na ce to. Ya ce taurin kai zai kashe ki. Na ce a gidan nan na koya.

Can na ga yana kallon keken.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan la'asar, Kaugama

Gara in rubuta tun ban fara gyara labarin ba.

Da gari ya waye rijiya da tsakar gida sun zama ɗaya. Ruwa a idon sawu, kafin hantsi ya kai ƙwauri, da sanyi, da wari. Takalman Malam suka fito daga ƙarƙashin gado da kansu. Misbahu ya shigo ya ce jinga ta ɓalle ta wani gefe, ya samo motar ɗaukar kaya tana bakin titi, direban ya ce rabin awa zai jira. Tare da shi akwai maza biyu daga masu aikin jinga, sai Adam, wandonsa a naɗe, wanda na ɗauka ya tafi tun shekaranjiya.

Misbahu ya durƙusa cikin ruwa a gaban gado yana roƙo. Malam ya juya fuska bango. Ɗaya daga cikin mazan ya kai hannu ga ƙyauren ɗakin yana duba yadda zai ciro shi. Ban san na yi tsawa ba sai da na ga ya ja da baya.

Adam ne ya zauna a bakin gadon kamar ya zo hira.

"Yunusa, ni ban gane ba. Shekara talatin da biyar, yaushe ka taɓa fita daga gidan nan a ƙasa? Kullum a kan keke nake ganinka."

Malam ya juyo a hankali, ya kalli Adam, ya kalli keken, ruwa ya rufe masa gindi.

"Ƙararrawar tana nan?"

"Ni na ɗaura ta."

"To a miƙo mini hulata."

Suka ɗora shi. Na ɗaure ta hagun da maɗauri, ta daman mai kumburi na naɗe ta da ɗankwalina na ɗaure a feda, na kwance birkin har ƙarshe don kada ta ji nauyi. Wani ya ce a zura itace biyu ta ƙasa a ɗauka a kafaɗa, zai fi sauƙi. Na ce ban da itace, ban da kafaɗa. A hannu, ƙasa-ƙasa.

Haka suka kama, biyu gaba biyu baya. Na san ko su nawa ne. Ban kalle su ba, shi na kalla. Ya miƙe baya, ya riƙe kai, ya fara juya feda yana cije leɓe. Faifan yana feso ruwa. A zaure sai da suka karkata, ya ce wa Adam ya iya tuƙi mana. Da muka fito lungu ya buga ƙararrawa, kamar yadda yake yi kullum a kwanar nan saboda yara.

Wata tsohuwa da ke kan katanga tana jiran 'ya'yanta ta ce, Mai Banda, an fito? Ya ce an fito. Ta ce a dawo lafiya. Ya ce Allah ya sa.

Ina biye da su da ƙullin magunguna a ka, ina ƙirgawa, don bakina ya saba. Sittin da biyu cif. Bai daina juya fedar ba sai da aka ajiye keken a bayan mota.

Ban kulle gidan ba. Na manta, ko ban manta ba.

Talata, 16 ga Satumba, hantsi

Yaya Isa da iyalinsa ba abin da za mu ce sai godiya. An ajiye keken a ɗakin da aka ba mu. Malam ya sa an juya shi ya fuskanci gabas, na ɗauka don alƙibla ne, ashe Haɗeja yake kallo. Ya ce a lissafinsa kilomita arba'in ne daga nan zuwa ƙofar gidansa. Ya sa na mayar da mitar sifili. Ya ce ranar da ta cika arba'in ƙafa ta warke ke nan, ranar za mu koma, kuma da ƙafarsa zai shiga.

Yana cin abinci. Yana tsokanar jikokin Yaya Isa. Bai yi shiru ba, alhamdu lillahi.

Na ce kumburin fa? Ya ce ba takawa yake yi ba, juyawa yake yi. Tsugune ba ta ƙare ba.

Lahadi, 21 ga Satumba, azahar

Kilomita sha huɗu.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan la'asar

Ruwa ya fara ja, Misbahu ya je dubo gida. Ya dawo bai shigo ba, ya aiko a kira ni waje. A saman Napep ɗinsa akwai ƙyaure ɗaya ɗaure da igiya, shuɗi, da ƙusar da Malam yake rataya carbi. Na tambaye shi sauran fa. Ya ce abin da ya rage ke nan, kuma bai sosa ƙeya ba.

Na sa ya kai shi bayan rumbun Yaya Isa ya rufe da zana. Na wanke fuska na koma ciki. Malam ya ce yaya gidan? Na ce sai an yi shara.

Ashirin da uku.

Asabar, 27 ga Satumba, da safe

Talatin da ɗaya. Bai tambaya ba, ban karanta masa ba. Sauri yake ƙarawa. Jiya ya taka daga gado zuwa ƙofa ba sanda.

Yaya Isa ya ce a gaya masa, namiji ne. Mardiyya ta ce a bari ya ƙara ƙarfi. Duk suna da gaskiya, kuma duk ba su ne za su faɗa ba.

Litinin, 29 ga Satumba, bayan la'asar

Ya yi minti ashirin yau, gumi har gemu. Ya tsaya yana haki, ya ce Malama, karanta mana.

Na sunkuya. Talatin da takwas da ɗigo shida.

Shekara talatin da biyar ina ba 'ya'yan mutane maki, ban taɓa rage wa kowa ko rabi ba.

Na ce, "Ashirin da tara."

Ya daɗe yana kallona. Ban ɗauke ido ba.

"Ƙafata ta ce ya fi haka," ya ce.

Ya kalli gabas, ya kalli hannuwana, ya gyara zaman hularsa.

"To, ke ce malama. Saura sha ɗaya ke nan. Hanyar ta yi nisa bana."

Ya mayar da ƙafa kan feda. A hankali yake juyawa yanzu, kuma bai buga ƙararrawa ba.